Shawara ga ma'auratan da za su zaga ƙasashe da jakar goyo

Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina mun dawo Abuja daga zagayen Benin da Togo da Ghana, kowa da jakarsa a baya, shi ya sa na ga ya dace in yi wa masu niyya tsokaci.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza a ƙasashen ECOWAS muddin zamansa bai wuce kwana 90 ba, sai dai a tanadi fasfo da katin rigakafin cutar shawara, domin ana tambayarsa a kan iyaka, kamar Seme da Aflao. Sefa ake kashewa a Benin da Togo, a Ghana kuma sidi.

Abin da na fi so a kula da shi shi ne rabon kaya. Kuskuren da muka yi, kuma laifina ne, shi ne na tattara kuɗi da fasfo da wayar da muka sa wa layin ƙasar duk a jakata. A Kwatano muka hau babura daban-daban, nata ya sha wata kwana, muka ɓace wa juna kusan rabin awa, ga ta ba ko sisi a hannu, ba ta kuma jin Faransanci. Da na same ta a tsaye bakin rumfar mai lemo, kalma ɗaya ta ce: "Malam." Sauran a idonta na karanta.

Tun daga ranar kowa ke riƙe da fasfonsa da kwafin na ɗan'uwansa, da rabin kuɗin, da sunan masauki a rubuce a takarda.