Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗe Leya da Share Layukan da Suka Hau Juna a AutoCAD

Zanen gini na AutoCAD, manhajar zana taswirar gini da injuna a kwamfuta, da ya bi ta hannun mai tsara gini, injiniyan lantarki da mai aikin famfo, da wuya ya iso gare ka a tsabtace. Leya rukuni ce da ake ware sassan zane a cikinta, kamar na bango ko na bututu. Za ka tarar da leyar bango har kala uku, kowa da sunan da ya raɗa mata, ga kuma layuka kwance a kan 'yan'uwansu. Gyaran ba shi da wuya, gaggawa ce ke ɓata shi.

Wasu da zarar sun ga leyoyi sun yi yawa sai su kama LAYDEL. Wannan umarni yana share leyar ne tare da duk abin da ke cikinta. Wanda ake bukata shi ne LAYMRG: yana kwashe kayan leyar ya zuba su a wadda ka zaɓa, sannan ya cire tsohuwar. In ya ƙi aiki, duba ko leyar da kake son kawarwa ita ce kake tsaye a kanta, ka koma wata tukuna. Kafin nan ma, leƙa kowace leya da LAYWALK, umarnin da ke nuna maka abin da ke cikin kowace leya ita kaɗai, domin suna yana yaudara.

Bayan haɗewa sai ka ji mutum yana kukan layukansa sun sauya launi da kauri. Haka ya kamata, duk abin da ke kan ByLayer, wato wanda aka saita ya bi launi da kaurin leyarsa, yana ɗaukar kamannin sabuwar leyar. Waɗanda suka ƙi sauyawa, wani ne ya sa musu launi da hannu, kuma SETBYLAYER zai dawo da su hanya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne OVERKILL, umarnin share layukan da suka hau juna, wanda ya shigo cikin ainihin umarnin manhajar tun fitowar 2012. A tagarsa akwai jerin siffofin da za ka ce ya kau da kai daga gare su: launi, leya, nau'in layi, kauri da sauransu. Idan ka sa alama a akwatin leya, ka ba shi izinin ɗaukar layin bango da layin bututun da ke kwance a kansa a matsayin abu ɗaya, ya share guda. A allo ba za ka ga bambanci ba. Sai ranar da aka kashe leyar bango don buga zanen famfo, a ga bututu ya yanke a tsakiyar ɗaki. Shi ya sa nake ganin a fara haɗe leyoyin da aikinsu ɗaya ne, sannan a gudanar da OVERKILL ba tare da taɓa wannan akwati ba.

Sai adadin sassaucin da ake ba OVERKILL, wato tazarar da zai yafe tsakanin layuka biyu ya ɗauke su ɗaya. Yana bin ma'aunin zanen ne. Ka rubuta 0.5 a zanen milimita, ba komai. Ka rubuta shi a zanen mita, ka ce duk layuka biyu da ke tsakanin rabin mita ɗaya ne, kaurin bango ya tafi ke nan. Fara da ƙaramin adadi, ka ƙara a hankali.

Wani lokaci kana ganin layi biyu da idonka amma ya ce babu abin sharewa. Yawanci tsayinsu a Z, wato nisansu sama ko ƙasa daga shimfiɗar zanen, shi ne ya bambanta, abin da ake yawan gani a zanen masu awon fili. Ko kuma suna cikin bulok, wato tarin abubuwa da aka ɗaure wuri ɗaya, wanda sai ka buɗe shi da BEDIT ka share daga ciki. Leyar da ke kulle ma ba ya taɓa ta.

Kada a raina wannan aiki. Injin yanka na leza yana bin layi biyu sau biyu, ya ƙona bakin ƙarfe ko katako, lissafin tsawon kaya kuma ya ninka a takardar kuɗi.

PURGE, mai kawar da leyoyi da buloka da ba a amfani da su, a ƙarshe yake zuwa, bayan an gama haɗewa da sharewa, tare da alamar cire abubuwan da ke cikin wasu, sai AUDIT, mai duba lafiyar fayil da gyara kurakuransa, ya biyo baya. Duk wannan a kan kwafin fayil za ka yi shi, asalin ya zauna yadda aka aiko maka har sai ka kwatanta su biyun leya bayan leya.