Ga masu zuwa Mambila da motarsu

Jama'a, in za ku sauko daga tsaunin Mambila, ku sa mota a giya ta 2 tun daga sama, kafin ku fara gangarowa Mayo Selbe. Kada ku ɗora ƙafa a kan birki ku bar ta can.

Gangaren dogo ne, kwana bayan kwana. Birki zai yi ta gogayya har ya ɗau zafi, mansa ya tafasa, ka taka ka ji ƙafa ta nutse ba abin da ya kama. A ƙaramar giya kuwa inji ne ke riƙe motar. Zai yi ƙara, ƙyale shi.

Ni bara na gane haka, muna dawowa daga kallon gonar shayi ta Kakara. Ƙauri ya cika mota, muka tsaya a gefen hanya kusan awa guda har birkin ya huce. Kada ku watsa masa ruwa, faifan yana iya lanƙwashewa.

Mai otomatik, sa ta a L ko 2. Masu sakin mota a firi don tsimin fetur, don Allah ku bari.

Amma fa dabarar ba ta ceton birkin da takalminsa ya cinye. A kai wa bakanike ya duba tun a Jalingo. In kuma hazo ya rufe hanya da damina, ku tsaya sai ya washe.