Yadda Ake Zane a Jikin Tulu Irin na Ladi Kwali

Hoton matar da ke bayan takardar naira 20 na Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali. A wajen goggonta ta koyi sana'ar. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a can. Ta rasu a 1984. Hannunta nake bi a aikina.

Bayan kin gina tulun, ki bar shi a inuwa ya sha iska. Nan ne mutane ke kuskure. Idan yumɓu ya yi laushi, zane zai cushe. Idan ya bushe ƙarau, sai ya farfashe. Ni da farce nake gwadawa: in ya shiga bai manne ba, lokaci ya yi.

Fara raba jikin tulun gida-gida daga wuya zuwa ciki. Ki mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kan iyakokin, ta bar sawu. A cikin kowane gida ki zana dabba ɗaya da tsinin wuƙa: ƙadangare, kunama, kifi ko hawainiya, irin waɗanda Ladi ta saba. Kada ki yi sauri a ƙadangare. Gajerun layuka na cikin jikinsa su ke ba shi rai, kuma su na fi so.

Ki goge inda babu zane da dutse mai santsi. Ya bushe sosai, sannan a ƙona. Da zafinsa ki yayyafa masa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa.