Yadda ake wanke bawul ɗin EGR na motar dizal maimakon kashe shi

Direban da ke jigilar buhuna tsakanin Gujungu, Maigatari da Dawanau ya san wannan ciwon: Hilux ko Hiace ta fara aman baƙin hayaƙi, ta rasa ƙarfi a hawa, sulo yana rawa, fitilar injin ta kama. Da ka shiga gareji sai a ce, "Oga, mu kashe EGR ɗin kawai, mu yi wa sensa dabara." Ban yarda da wannan shawara ba. Aikin EGR shi ne mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin injin don rage zafin ƙonewar mai, wanda ke rage iskar NOx mai cin huhu. Ka kashe shi, 'yan dako da yara masu talla a bakin tasha ne za su shaƙe ta. Galibi ma bawul ɗin bai mutu ba, datti ne ya cushe shi.

Fara da sa na'urar bincike, wadda ke karanto lambar matsala daga kwamfutar mota. Lambar P0401 na nufin hayaƙin da ke wucewa ya yi kaɗan, wato akwai toshewa. P0402 kuma ya yi yawa, sau da yawa bawul ne ya maƙale a buɗe. Daga nan ka bari injin ya huce sarai, ka cire kan batir na nagetif.

Bi bututun ƙarfen da ya taso daga ɓangaren salansa zuwa hanyar shigar iska, a nan bawul ɗin yake. Ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa komai, sannan ka zare soket ɗin wayar wuta ko tiyon iska, ka kwance notuka. Idan akwai tiyon ruwan lagireto a jiki, tara roba a ƙasa.

Abin da za ka gani a ciki shi ne baƙin kunkunniya mai danƙo kamar kwalta, haɗin tokar hayaƙi da tururin baƙin mai. A nan ake buƙatar haƙuri. Toshe bakin hanyar iska da tsumma mai tsabta, don ko ɗan gutsure ya faɗa silinda, aiki ya koma babba. Kankare mai kaurin da tsinken katako ko roba, kar ka sa sukudireba ka karce mazaunin bawul. Fesa maganin wanke kabireta, bar shi ya jiƙa kamar minti 15, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka maimaita har ƙarfe ya fito. Riƙe bawul ɗin ɓangaren lantarkin yana sama, kada ruwan maganin ya gangara cikinsa. Nan ne da yawa ke kashe bawul mai lafiya da hannunsu. In ka gama, ya kamata ya buɗe ya rufe ba tare da cijewa ba. Ka leƙa hanyar iskar ma, in ta cushe a kwance ta a wanke daban.

Bari ya bushe, sa sabon gasket (shimfiɗar da ke hana yoyo a mahaɗa), ɗaure notuka daidai, mayar da batir, goge lambar matsalar, sannan ka hau kwalta ka ba ta wuta na kusan rabin awa.

Kar ka manta iyakilina, wato matatar iskar injin. Ƙurar hunturu a hanyoyin burji tana toshe ta da wuri, iska ta yi ƙaranci, hayaƙi ya ƙaru, bawul ya sake cushewa. Sensar iska da ke bayanta, da maganinta na musamman ake fesa ta, ba a taɓa siririn wayar ciki da hannu. Gurɓataccen man bumburutu da barin injin yana sulo tsawon lokacin lodi su ma suna hanzarta dattin. Idan kuma ruwan lagireto yana raguwa, ga farin hayaƙi a salansa, a duba na'urar da ke sanyaya hayaƙin EGR, wataƙila ta tsage, wanki ba zai gyara ta ba sai canji.