Yadda ake kafa fitila a bangon waje mai rufin roba ko katako

Kafin komai a kashe wuta daga babban suwici, sannan a sa testa a taɓa wayar a tabbatar babu wuta. Don Allah kar a tsallake wannan, wuta ba ta san gwani ba.

Fitilar kuma a duba kwalinta, in ba a ga IP44 (lambar IP ita ke nuna yadda fitila ke jure ƙura da ruwa) ko sama da haka ba a bar ta, in ruwan sama zai riƙa dukanta kai tsaye to IP65 ya fi.

Inda mutane ke kuskure shi ne ɗaura fitilar kai tsaye a kan rufin bangon, shi kuwa rufin nan hawa-hawa yake, wani falle a kan wani, fitilar sai ta karkace ta bar ƙofa a baya ruwa na shiga. Akwai wani ɗan faranti da ake sayarwa wanda bayansa ya dace da hawan, shi za ka fara kafawa, sukurorin su wuce robar su kama katakon ciki sosai, amma kar ka matse robar tamau saboda tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, in ka danne ta sai ta kumbura ko ta tsage. Sukurori marasa tsatsa za ka nema.

Haɗa wayoyin cikin akwatinsu, kar ka manta da wayar ƙasa, wato wayar "earth" mai kare mutum daga jan wuta. Sai ka shafa silikon a inda fitilar ta haɗu da bango, a sama da gefe biyu, ƙasan ka bar shi a buɗe don ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita.