Babi na Bakwai: Lissafin Tsayuwar Harsashi a Iska

Darasi na Ɗaya: Abubuwa huɗu da za a auna

Cikin bututun bindigar raifil akwai zane a murɗe. Shi ke juya harsashi kamar yadda yaro ke kaɗa katantanwa, kuma juyin ne ke sa ya tafi da kansa a gaba. In juyin ya gaza, harsashi yakan yi alkafura a hanya, ya bugi abin auna a kaikaice. Ga maharbi wannan asara ce, ga dabba kuma azaba ce, don rauni za a yi mata ba kisa ba.

Don gano ko juyin ya isa, za mu yi amfani da lissafin da Don Miller ya fitar a 2005. Ku tanadi biro, takarda da kalkuleta. Ku rubuta abubuwa huɗu: nauyin harsashi, kaurinsa, tsawonsa, da murɗin bututu.

Nauyi yana jikin kwali, da ma'aunin giren. Giram ɗaya giren 15.43 ne. Kauri da tsawo kuwa da inci ake aunawa, inci ɗaya milimita 25.4. Tsawon harsashin kaɗai ake so, wato ƙarfen da ke fita, ban da kwanson da ke riƙe da albarushi.

Murɗi fa? In an rubuta 1:12, ana nufin harsashi na juyawa sau ɗaya cikin tafiyar inci 12. In ba a rubuta ba, ku fara tabbatar babu komai a bindigar. Ku naɗa tsumma da ƙarfi a sandar goge bututu, ku yi wa sandar alama, ku tura a hankali har alamar ta zagayo sau ɗaya. Ku auna tazarar da ta shiga.

Darasi na Biyu: Rabawa da kauri

A nan yawancin masu koyo ke tuntuɓe, saboda haka a natsu. Ba wuya gare shi ba, mantuwa ce kawai.

Misalinmu: nauyi giren 168, kauri inci 0.308, tsawo inci 1.2, murɗi inci 12.

Tsawo da murɗi ba sa shiga lissafi yadda aka auno su. Dole a raba kowanne da kaurin harsashi tukuna. Tsawo: danna 1.2, danna alamar rabawa, danna 0.308. Amsa 3.9. Murɗi: danna 12, alamar rabawa, 0.308. Amsa 39. Ɗigon nan da ke bayan sifili, kada a tsallake shi, 0.308 daban, 308 daban.

Yanzu ku ja layi a kan 1.2 da 12 a takardarku. Sun gama aikinsu. Daga nan 3.9 da 39 ne namu. A sake faɗa: an raba tsawo da kauri, an raba murɗi da kauri. Biyu ne, ba ɗaya ba. Wasu sukan raba tsawo su manta murɗi. Ku duba takardarku yanzu. An raba duka biyun? Madalla. Wanda bai samu 3.9 da 39 ba ya sake dannawa, babu kunya a maimaici.

Darasi na Uku: Haɗa lissafin

Lissafin rabawa ne: lambar sama a raba da ta ƙasa. Sama: nauyi sau 30. Wato 168 sau 30, ya ba da 5040. A ajiye shi gefe.

Ƙasa gaɓa uku ce. Ta farko, murɗi sau kansa: 39 sau 39, 1521. Lura, 39 ne, ba 12 ba. Ta biyu, kauri sau kansa sau uku: 0.308 sau 0.308 sau 0.308, 0.0292. Ta uku, tsawo: 3.9 sau 3.9 ya ba da 15.21, a ƙara 1 ya zama 16.21, a sake ninkawa da 3.9, 63.2. Nan ma 3.9 ne, ba 1.2 ba.

A ninka gaɓoɓin uku: 1521 sau 0.0292 sau 63.2, kusan 2807. A raba 5040 da 2807. Amsa 1.8.

Wanda ya samu wajen 410, kada ya ce kalkuleta ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Bai raba da kauri ba, duk da nanatawar da aka yi. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Gaggawa ce ke jawo wannan. A koma Darasi na Biyu, a yi shi da biro.

Darasi na Huɗu: Karanta amsa

Ƙasa da 1.0, harsashi zai yi alkafura, kuma ramin da zai bari a takardar auna dogo ne, ba zagaye ba. Daga 1.0 zuwa 1.4 yana kan gaɓa. Don harbin nesa a nemi 1.5 ko sama.

Gwaji: ku canza murɗi zuwa 14. Ku raba da 0.308 tukuna. Amsar ƙarshe za ta faɗo wajen 1.3.

Darasi na Biyar: Iska da gudu

Lissafin ya ɗauka gudun harsashi ƙafa 2800 ne a daƙiƙa. A 2600, amsarmu ta 1.8 takan koma kamar 1.75. Iska mai sanyi tana rage amsar, saman tsauni yana ƙara ta.

Darasi na Shida: Harsashin tagulla

Ya fi na dalma tsawo ko da nauyinsu ɗaya. A auna tsawonsa, a sake lissafi daga Darasi na Biyu.