Yadda ake rubuta aikin gida na falsafa: misalin wuta da auduga

Malami ya ce ka rubuto shafi ɗaya ko biyu a kan abin da aka karanta a aji. Yawancin ɗalibai sai su cinye rabin takarda da inda aka haifi mai littafin da ranar da ya rasu. Wannan tarihi ne, malamin kuma ya riga ka saninsa. Tunaninka yake son gani. Bari mu bi aikin daki-daki da wata mas'ala ta Imam Gazali.

Da farko, zaɓi hujja ɗaya tak. Littafinsa Tahafutul Falasifa mas'aloli 20 ya ƙunsa, shafi biyu ba za su ɗauke su ba. Ɗauki ta 17, wadda ta yi magana a kan sababi, wato ko wani abu ne ke haddasa faruwar wani.

Sai ka rufe littafin, ka faɗi hujjar da bakinka, kamar kana yi wa ƙaninka bayani a zaure. Ka kai auduga kusa da wuta, ta kama, ta zama toka. Me idonka ya gani? Ya ga haɗuwa, ya ga ƙonewa. Bai ga wata igiyar dole da ta ɗaure biyun ba. Saboda haka, a wajen Gazali, faruwar abu tare da wani ba ta tabbatar da cewa shi ya aikata shi. Allah ne ke halittar ƙonewar, mu kuma sabo ya sa muke jingina ta ga wuta. In ka kasa faɗin wannan a jimla biyar ko shida, ba ka gane ba tukuna, koma ka sake karantawa.

Mataki na uku shi ne inda maki ya fi zubewa: kawo mai ja da hujjar, kuma ka kawo shi da ƙarfinsa. Ibn Rushd, masanin falsafa na birnin Kurduba a Andalus, wanda ya rasu a 1198, littafi guda ya rubuta na martani. Ya ce ai da ayyukansu muke gane abubuwa har mu sa musu suna. In wuta ba ta da wani aiki da ya keɓanta da ita, me ya raba ta da ruwa? Wanda ya musanta sababi, a ganinsa, ya musanta hankali ne. Kada ka rage wa wannan magana kaifi don ka samu sauƙin ture ta. Ka ɗaure wa mutum ƙafa sannan ka kayar da shi, wannan ba kokawa ba ce, kuma mai duba takarda yana ganewa.

Yanzu naka ya zo. An yarda ka ce "a ganina", muddin "saboda" na biye da shi. Na sha ganin ɗalibi ya iso nan sai ya noƙe, wai shi wane ne da zai sa baki tsakanin manya. To ai shi kansa Gazali bai tsaya a amsa ɗaya ba. A cikin mas'alar ya buɗe wata hanya: a yarda an halicci wuta da ɗabi'ar ƙonawa, amma Allah na iya sauya siffar wutar ko ta jikin da aka jefa cikinta, kamar yadda ta kasa ƙona Annabi Ibrahim. Kana iya tambaya, shin wannan amsa ta biyu ta rufe bakin Ibn Rushd, ko kuwa ta miƙa masa rabin abin da yake nema? Wannan tambaya kaɗai ta isa sakin layi biyu masu nama.

Saura gyara. Duk maganar da ba taka ba, faɗi mai ita da shafin da ka gan ta. Kada ka kwaso daga intanet ka manna. Karanta aikin da ƙarfi, inda numfashinka ya yanke ka raba jimlar biyu. Sannan ba wani ɗan ajinku ya karanta, ka tambaye shi wane gefe ka tsaya. In ya yi shiru yana sosa kai, sakin layin ƙarshe za ka sake rubutawa kafin ka miƙa.